Kafin Ku Sauya wa Ƙasa Wuta, Ku Tambayi Tukunya

Zuwa ga Mai Girma Daraktan ofishin da ke tsara makamashin ƙasa, a nan Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku. Ya aiki, ya zafin gari, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ku riƙon wannan kujera.

Sunana Illiyasu, ana ce mini Illiya Mai Tukwane. Zubin tukwanen alminiyam nake yi a kasuwar Katako, shekara arba'in da 'yan kai ke nan, a rumfar da mahaifina ya kafa da ya zo daga Damagaram. 'Yata Balkisa, wadda ke koyarwa a lakwal, ita ta buga mini wannan takarda, kuma ta ja mini kunne cewa babban mutum "ku" ake ce masa. To, na yi sakin layi guda ina cewa "ku", na fita haƙƙin kujera. Daga nan zan koma "ka", don bakina ya ƙi. Lawali, ni na raka mahaifinka sayen ragon sunanka. Gida ɗaya muka yi haya a Zongo, ɗakinku na kallon namu, kuma tukunyar da aka dafa abincin sunan ni na zuba ta.

Abin da nake nema ƙarami ne: aron risho ɗaya na kuran, wato na lantarki, irin wanda ofishinka ya nuna mana, na tsawon wata guda. Ina so in gwada wata tukunya a kansa. Abin da ya sa nake gaggawa shi ne hannuna na dama ya fara rawa, kuma aikin da ke gabana ba a yin sa da hannu mai rawa. Sau uku na zo biro ɗinka, ofishin naka, ban gan ka ba, shi ya sa na biyo ta inda kowa zai karanta. Ga bayanin daki-daki.

Na farko. Ka sani ba adawa nake da shirinku ba. Ina zaune a rumfa na ji ka a rediyo kana cewa man da ake haƙowa a gabas yana da iyaka, rijiya kan ba da ƙarfinta da fari sannan ta riƙa ja da baya. Ka ce gaz ɗin da mata ke girki da shi daga tace man nan yake fitowa, ran da man ya ragu shi ma zai ragu, don haka gara a fara komawa ga rana da kuran tun muna da sauran lokaci. Na ƙara muryar rediyon har maƙwabcina ya ce in rage, na ce masa ya yi haƙuri, ɗana ne ke magana. Wallahi na ji daɗi, na kuma yi alfahari da kai. Ban saba jin ma'aikacin gwamnati ya ce abu zai ƙare tun bai ƙare ba. Mu dai a layin sayensa muka saba jin labari.

Kuma idona ya ga abin da itace ya yi mana. Ina saurayi, da jakuna da raƙuma ake shigo da shi daga bayan gari, a zo a koma a yini ɗaya. Yanzu manyan motoci ke yin kwanaki kafin su cika. Matata Sa'a, wadda ta sha goya ka in mahaifiyarka ta tafi kasuwa, idonta ba ya daina ruwa saboda hayaƙin shekara da shekaru. Rana kuwa, mutumin Yamai ba sai an yi masa alkawarinta ba, tana kansa tun hantsi. In za a iya dafa abinci da ita, ni ne farkon mai murna.

Na biyu. Bari in tuna maka yadda ake yin tukunya, don na lura karatu ya kore maka shi. Akwatin katako muke cikawa da yashi mai danshi, mu danna tukunya ta asali a ciki ta bar siffarta, mu cire ta, mu zuba narkakken alminiyam a gurbin. Wannan ta asalin ita muke ce wa uwa. Duk tukunyar zubi da ke gidajen garin nan 'yar wata uwa ce. Alminiyam kuwa yana tsukewa in ya huce, saboda haka 'ya ba ta kai uwa girma. In ka ɗauki tukunyar kasuwa ka mai da ita uwa, abin da za ta haifa sai ya ƙara ƙanƙancewa, wani gefe ya yi sirara, murfi ya ƙi zama. Shi ya sa ba kowa ke fitar da sabuwar uwa ba. Sai ka gina ta da yumɓu, ka zuba ta da kauri, sannan ka zauna da magagari makonni kana ci kaɗan-kaɗan, kana shafawa da yatsu, kana ƙwanƙwasawa kana saurare, har kaurin ya daidaita ko'ina.

Al'adar layinmu, wanda ya fitar da uwa ba ya ɓoye ta. Ya yi zubinsa na farko, sannan ta zagaya rumfa-rumfa, kowa ya kwana biyu da ita ya fitar da tasa ta aiki, ba a ba shi komai sai goro da addu'a. Mu uku ne muka iya wannan aiki a layin. Ɗaya ya rasu, ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye an mai da shi garinsu. Saura ni. Ban koya wa kowa ba, kuma wannan laifina ne, ba na gwamnati ba. Kullum ina ganin akwai sauran lokaci.

Na uku, kuma nan ne inda ke yi mini ciwo. Lokacin da matatar mai ta fara aiki aka ce kowa ya koma gaz, an tara mu maƙera. Ba kai ba ne, lokacin kana karatu a waje. Wani ma'aikaci ya tsaya ya ce tukunya mai zagayayyen ƙasa zamaninta ya wuce, rishon gaz shimfiɗaɗɗiya yake so, wanda bai sauya ba za a bar shi a baya. Na yarda da shi don yana da takarda a hannu kuma yana magana ba ya ko tari. Uwaye goma mahaifina ya bar mini, daga lamba biyu zuwa lamba talatin. Uwa tana son alminiyam mai tsabta, irin nasu na da, ba gwangwanin lemo da tarkacen inji da muke narkawa yanzu ba. Saboda haka na ɗauki bakwai na jefa a wuta, na fitar da sababbi masu shimfiɗaɗɗen ƙasa, suka zagaya layi kamar yadda aka saba.

Ba a yi wata uku ba mata suka fara dawo da tukwanen. Mutumin nan bai taɓa tuƙa tuwo ba, ni ma ban taɓa ba, kuma cikinmu ba wanda ya tambayi mai tuƙawa. Tukunya mai shimfiɗaɗɗen ƙasa tana da lungu inda bango ya haɗu da ƙasa. Muciya ba ta shiga lungun nan. Gari ya maƙale a ciki, ya yi gudaji, ya ƙone, mara ma ba ta kwashe shi. Sa'a ta gwada sau biyu ta ajiye, ta ce ta fi kyau da jiƙa wanki. Ana cikin haka masu walda na bayanmu suka lanƙwasa ƙarfe suka yi wata 'yar kujera mai zobe, a ɗora ta kan ƙaramin butalin gaz, tsohuwar tukunya ta zauna daram. Ba wani biro da ya zana musu. Ashe gaz bai taɓa ƙin tukunyar mahaifina ba. Kuma duk lokacin da gaz ya yi wuya a gari, mata murhu suke komawa, inda zagayayyar ce sarauniya.

Ran da na gane abin da na yi, na zagaya bayan rumfa na yi kuka, ina da furfura a gemu. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau da nake gaya wa duk ƙasa. Uku suka rage: lamba biyar, lamba goma da lamba ashirin. Su ke ciyar da layinmu har yanzu.

Na huɗu. Bayan ƙaramar salla ofishinka ya gayyace mu wani otal, maƙera da mata masu abincin sayarwa, a nuna mana rishon gobe. An ce kai ka yi tafiya. Samarin injiniyoyinka suna da ladabi, sun ba mu kujerun gaba, Allah ya yi musu albarka. Rishon baƙin gilashi ne, ba harshen wuta, ba hayaƙi, kuran ɗinsa daga allunan rana. Suka ɗora ruwa, kafin mu gama gaisawa ya tafasa. Suka dafa taliya. Kowa ya yi tafi, har ni.

Sai na zaro tukunya lamba biyar daga buhu, don ni ba a gayyata ta wurin wuta in je hannu biyu. Na ɗora ta. Rishon ya yi ɗan kuka sau uku ya mutu. Aka yi mini bayani cewa shi ƙarfe kawai ya sani, kuma sai mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, alminiyam ko gaisawa ba sa yi. Ka ga ke nan duk tukwanen da muka zuba a shekara arba'in, ba ɗaya da za ta hau shi.

Akwai Hajiya Hamsatu a wurin, Bazabarma mai tuwo a gefen Babbar Kasuwa, wadda ta daɗe tana sayen manyan tukwane a hannuna. Ta ce ita ba taliya take sayarwa ba, a bari ta gwada nata. Ta aika aka kawo mata gari da muciya, aka ba ta tukunyar da ta zo da rishon daga waje. Da fari lafiya lau. Da tuwon ya fara ƙarfi ta sa hannu biyu ta tuƙa, sai tukunya ta kama yawo a kan gilashi. Injiniya ɗaya ya riƙe kunnen dama da hankici, wani ya riƙe na hagu, tana tuƙi suna bin ta, gumi na ɗiga a kan rigunansu masu guga. Da aka sauke, rabi gudaji ne. Ta goge hannu ta ce rishon yana da kyau ƙwarai wajen shayi, sannan ta tambaya ko kowace mace za a haɗa mata da injiniya biyu in an zo rabo. Aka yi dariya, har su. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai tabarau, na ga ya ciro littafi ya rubuta, kuma na ji daɗin hakan.

Lawali, dariyar nan ita ce dukan maganar. In rishon bai tuƙa tuwo ba, mata za su karɓe shi da godiya, su lulluɓe shi da ƙyalle mai ado a kan kabad, su koma wa itace. Kai kuma a takardarka za a rubuta an raba. In kuwa aka ce kowane risho sai da tukunyarsa daga waje, layinmu ya mutu, kuma ƙasar da ke gudun dogaro da mai ta koma dogaro da tukwanen wasu. Kun lissafa allunan rana, kun lissafa wayoyi da turaku, na tabbata lissafin daidai ne don tun kana ƙarami ba a kama ka da kuskuren lissafi. Abin da zai zauna a kan wutar ne ba wanda ya lissafa.

Na biyar. Ban dawo na zauna ina ƙorafi ba. Na yi tunanin tukunya mai ciki zagaye don muciya, waje shimfiɗe don gilashi, da faifan ƙarfe a ƙasanta don rishon ya gane ta. Sai in ajiye faifan a cikin yashi kafin zubi, alminiyam ya rungume shi. Ta farko ta tsage tana hucewa, don ƙarfe da alminiyam ba sa tsukewa tare. Ta biyu, na ɗaga ta faifan ya faɗo mini a ƙafa. A ta uku na huda faifan gida goma sha biyu, alminiyam ya bi ta ramukan ya kama shi ciki da waje. Wannan ta riƙe. Na ƙara mata nauyi a ƙasa, na yi mata kunnuwa masu rami inda za a saƙala sandar ƙarfe mace ta taka, don a sallami injiniyoyinka su koma aikinsu. Sa'a ta tuƙa tuwo a ciki a kan gawayi, ya fito sumul.

Amma ban san ko rishon zai karɓe ta ba. Wataƙila faifan ya yi ƙanƙanta, wataƙila ya yi kauri, wataƙila zafi ba zai hau bango ba. Kowanne daga cikin waɗannan zai sauya siffar uwa gaba ɗaya. Ba zan taɓa magagari ba sai na ga ruwa ya tafasa a cikinta a kan gilashin nan.

Saboda haka na sa ta a buhu na shiga taksi zuwa biro ɗinka. Ranar farko, wata Litinin, mai gadi ya ce kana taro. Ya ce mini "kala suru", wato sai haƙuri da Zabarmanci, ya ba ni benci da ruwan sanyi, na yi haƙurin har azahar. Mutumin kirki ne, kada a taɓa shi. Zuwa na biyu, sakatariya ta ce in rubuto buƙata da Faransanci. Balkisa ta rubuta, na kai, aka buga hatimi aka ba ni rabi. Zuwa na uku aka ce mini abu biyu. Ɗaya, rishunan suna rufe a ɗakin ajiya, ba mai fita sai an yi bikin ƙaddamarwa, kuma ba a sa rana ba. Biyu, takardar rabon tana da gidan magidanta, tana da gidan masu abincin sayarwa, ba ta da gidan mai tukunya, don haka ba a san inda za a rubuta ni ba. Na ce a rubuta ni a gefe, aka ce ba a rubutu a gefe. Na ɗauki buhuna na dawo, raina a ɓace.

Ban ce wa kowa na san ka ba. Ban kuma biyo ta wurin mahaifiyarka Hajiya Mariyama ba, ko da yake na san kalma ɗaya za ta yi ka zo Katako da gudu ba takalmi. In sai da sanayya ƙofar ke buɗewa, maƙerin Tawa ko na Maraɗi da bai raka kowa sayen rago ba, ina zai bi?

Game da hannun. Shekara biyu ke nan da ya fara. Likita ya ba ni ƙwayoyi, ya gaya mini gaskiya cewa suna rage masa sauri ne, ba sa tsayar da shi. Da safe yana lafawa. Bara ina iya riƙe magagari daga fitowar rana har azahar. Bana daga fitowar rana zuwa hantsi ne, daga nan sai in sa shi a aljihu in riƙa ba da umarni. Uwa ɗaya tana cin mako shida in hannu lafiya, kuma uku ake buƙata, ƙarama da matsakaiciya da babba. In damina ta sauka rumfa na yoyo, yashi ya sha ruwa fiye da kima, aikin uwa ya tsaya. Ina tsoro, Lawali. Ba tsoron ciwon nake ba, wannan na Allah ne. Tsorona rishunan su fito daga ɗakin ajiya da kiɗa da jawabi, a lokacin da ba sauran mai iya yi musu tukunya a Katako.

Ga roƙona.

Ka ba ni aron risho ɗaya na wata guda. In doka ta hana ya fita, a buɗe mini ɗakin ajiyar da safe in zo da tukunyata da Hajiya Hamsatu da muciyarta, mu gwada a can, mai gadi ya ci tuwon.

Ka turo mini dogon nan mai tabarau ya zauna a rumfa. Shi ya san abin da gilashin ke so, ni na san abin da yashi ke yarda da shi. In yana da haƙuri, zan nuna masa har da abin da bai tambaya ba, kuma wannan karon zan zaunar da biyu daga matasan layinmu su kalli hannuna tun yana nunuwa.

A duk inda kuke zama kuna tsara wutar gobe, ku ajiye kujera biyu, ɗaya ta mai tukunya, ɗaya ta mai tuwo. Ba za su hana ku aiki ba, sai dai su hana ku dafa taliya.

Na ƙarshe shi ne babba. Ka gaya mini gaskiya, wannan risho shi ne wanda ƙasa za ta bi, ko gwaji ne da za a iya sauyawa baɗi? In ba ku yanke ba, ka ce ba mu yanke ba, ba abin kunya ba ne, zan fi girmama ka a kan haka. Ina tambaya ne don sababbin uwaye suna buƙatar alminiyam mai tsabta, kuma na zagaya Katako kaf ban samu ba. Wanda ya rage mini shi ne ukun nan na mahaifina. Na sa kowace rumfa ta fitar da tata ta aiki daga jikinsu, na wanke su, na jera su a kan tabarma. Sau ɗaya na narkar da gadona bisa maganar mutumin da ban sani ba. Wannan karon bisa maganarka zan yi, don kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, ko lokacin da gaskiya ke jawo maka bulala.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka daga masu gaya maka abin da kake son ji, ya ba ka ma'aikata masu tsoronsa. Allah ya ja kwanan Hajiya Mariyama, ya ji ƙan mahaifinka, ya sa wutar da kake tanadar wa ƙasar nan ta zama alheri ga wanda ke birni da wanda ke ƙauye. Sa'a na gaishe ka, ta ce ka rame a talabijin.

Ina rumfa kullum daga fitowar rana. In ka ce narka, zan narka. In ka ce dakata, zan dakata. Shirun ne kawai hannuna ba zai iya jira ba.

Wassalamu alaikum, daga babanka na Zongo,
Illiya Mai Tukwane,
layin masu zubi, Katako, Yamai.